Daga Shreveport Zuwa Hong Kong: Tarihin Asibitocin Masu Jarabar Ƙwaya da Wuyar Riƙonsu

Abin da na kawo wa mujallarmu a wannan fitowa shi ne tarihin wani irin asibiti da ba kowa ya san da shi ba. Asibitin sha-ka-tafi ne, wanda ake buɗewa a cikin gari domin mutanen da jarabar ofiyom da danginsa ta kama, watau mofin da hirowin da kodin da tiramadol. A nan ba kwantar da mutum ake yi ba. Yakan zo ne kullum ya karɓi magani gwargwadon yadda likita ya auna masa, ya sha, ya wuce wurin sana'arsa. Yau fiye da shekara 100 ke nan ana gwada wannan dabara a duniya, kuma duk wanda ya bi tarihinta zai ga cewa buɗe ƙofa bai taɓa gagarar kowa ba. Riƙe ta a buɗe shekara da shekaru, nan gizo ke saƙar. Tunda a cikinmu akwai likitoci da ma'aikatan jinya da alƙalai da 'yan sanda da kansiloli, na ga labarin ya shafe mu, domin irin waɗannan mutane su ne suka raya asibitocin a inda suka rayu, su ne kuma suka kashe su a inda suka mutu.

Sai mu fara daga Amurka. Kafin shekarar 1914 mutum na iya shiga kantin magani ya sayi mofin kamar yadda zai sayi maganin ciwon kai. Ita kanta hirowin kamfanin Bayer na Jamus ne ya fara sayar da ita a 1898, kuma a matsayin maganin tari ya sayar da ita. Wanda ya ga abin da maganin tari mai kodin ya yi wa matasanmu ba zai yi mamakin wannan ba. A ƙarshen 1914 majalisar Amurka ta yi dokar da ake kira Dokar Harrison. A fuska dokar haraji ce: duk mai sayar da waɗannan magunguna ko rubuta su sai ya yi rajista, ya biya dala 1 a shekara, ya kuma ajiye lissafi. Saboda haka ma'aikatar kuɗi aka ɗora wa aiwatar da ita, ba ma'aikatar lafiya ba. To, jami'an haraji suka fassara dokar da cewa likitan da ya ci gaba da rubuta wa mai jaraba mofin don kawai ya zauna lafiya, ba magani yake yi ba, fatauci yake yi. Ranar 3 ga Maris, 1919, Kotun Ƙoli ta goyi bayansu a shari'ar Webb. Nan take likitoci suka tsorata, suka sallami dubban mutanen da suka daɗe suna dubawa.

Ya kamata a fahimci halin da waɗannan mutane suka shiga. Wanda jikinsa ya saba da ofiyom, in ya rasa shi, cikin sa'o'i kaɗan sai hamma da hawaye da majina su taso, sa'an nan ciwon gaɓoɓi, da murɗar ciki, da amai da zawo, da rashin barci na kwanaki. Wannan ciwon yankewa shi ke sa mai jaraba ya sayar da gadon kwanansa ko ya haura katangar maƙwabci. Hukumomin garuruwa sun san haka, shi ya sa suka yi hanzarin buɗe asibitocin raba mofin a birane kimanin 40. Mafi girmansu shi ne na titin Worth a birnin Niyok, wanda aka buɗe a Afrilun 1919. Ya karɓi mutum fiye da 7,000, ana ta rage musu magani ko sun shirya ko ba su shirya ba, layi har waje, ba a san kowa da kowa ba. Bai cika shekara guda ba aka rufe shi, kuma daga baya da shi aka riƙa kafa hujja cewa dabarar duka ba ta da amfani.

Amma akwai wani gari a jihar Luwiziyana, sunansa Shreveport, inda abin ya bi wata hanya dabam. Shugaban hukumar lafiya ta jihar, Dokta Oscar Dowling, ya nemi wani matashin likita mai suna Willis P. Butler ya buɗe irin wannan asibiti a can. Butler likitan gunduma ne, shi ne kuma mai duba fursunoni da binciken gawa, saboda haka ya san 'yan sanda, ya san alƙalai, ya san gidan yari ciki da waje. A watan Mayun 1919 ya fara aiki.

Abin da ya fara ba shi mamaki shi ne mutanen da suka zo. Ya zaci zai ga 'yan tasha da ɓarayi, sai ga likitoci 'yan uwansa, da limaman coci, da tsofaffin alƙalai, da lauya, da editan jarida, da matan aure, mutanen da wasunsu ya san su shekara da shekaru bai taɓa sanin suna da wannan lalura ba. Da yawansu ta hanyar jinya suka kamu: sanyin ƙashi, tarin fuka, ciwon sanyi da tunjere, ko tiyata da aka yi musu aka bi su da allurar mofin har jiki ya saba. Sai Butler ya tsara aikinsa bisa ga mutanen da ya gani. Kowa ya zo sai an duba lafiyarsa tsaf, an rubuta tarihinsa, an binciki inda yake zaune. Ya kawo ɗaukar hoton yatsa, abin da ya sa 'yan damfara masu yawo gari-gari suka daina leƙowa. Duk mai ƙarfi a jika dole ya kasance yana da aikin yi, wanda ba shi da shi a nema masa, wanda ya ƙi aiki a sallame shi. Mai ciwon sanyi sai an yi masa maganinsa. Wanda aka ga yana iya rabuwa da ƙwayar akan kwantar da shi a wani ɗan asibiti da Butler ya keɓe don haka, a yaye shi. Tsoho kuwa, ko mai ciwon da ba ya warkewa, sai a bar shi a kan ma'auninsa, ba a tilasta masa.

Ta fuskar kuɗi ma ya yi dabara. Ana sayar wa majiyyaci mofin a kan santi 6 kowane giren, watau kusan miligiram 65, farashin da ya yi ƙasa ƙwarai da na 'yan bayan fage. Ɗan abin da ke shigowa ta nan shi ke taimakawa wajen tafiyar da aikin. Su kuwa dillalan ɓoye kasuwa ta mutu musu a garin, tunda ba wanda zai bar mai araha mai tsabta ya je ya sayi mai tsada. Cikin shekara huɗu asibitin ya duba mutum kimanin 1,200.

To, a nan ne darasin riƙo ya fara bayyana. Ofishin yaƙi da ƙwaya na tarayya, ƙarƙashin Levi Nutt, ya ƙudura cewa sai an rufe dukkan asibitocin nan, mai kyau da marar kyau. Aka bi su ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu suka faɗi kafin ƙarshen 1921. A shekarar ce ita ma hukumar lafiya ta Luwiziyana ta janye hannunta, Dowling da ya sa Butler aikin ya juya masa baya. A wani garin da shi ke nan. Amma a Shreveport sai majalisar gari ta yi tata dokar ta ba asibitin izini, ƙungiyar likitocin garin ta bincika ta ce ta gamsu, shugabannin 'yan sanda suka shaida cewa sata ta ragu, alƙalin kotun tarayya na yankin, George Whitfield Jack, shi ma ya tsaya masa. Da wannan goyon baya na 'yan gari asibitin ya ƙara kusan shekara biyu a duniya bayan 'yan uwansa sun mutu. Sai dai ƙarfin gari bai kai na tarayya ba. Aka yi ta aiko masu bincike, aka yi ta matsa lamba, har aka rufe sashen raba magani ranar 10 ga Fabrairu, 1923.

Ni a ganina ba a yi wa Butler adalci ba, kuma ba hujjar likitanci ce ta kayar da shi ba. Shekara biyu kacal bayan rufewar, a 1925, Kotun Ƙolin nan dai ta faɗa a shari'ar Linder cewa masu jaraba marasa lafiya ne da suka cancanci magani. A Ingila kuma kwamitin Rolleston ya ba da rahoto a 1926 cewa likita na iya ci gaba da ba irin wannan majiyyaci ƙwayarsa idan yaye shi ya gagara. Amma a Amurka bakin alƙalami ya riga ya bushe. Kimanin shekara 40 aka yi ba abin da ya rage wa mai jaraba sai kurkuku, ko babban asibitin gwamnati na Lexington da aka buɗe a 1935, wanda rabinsa asibiti ne rabinsa gidan yari. Binciken da aka yi kan waɗanda aka sallama daga can ya nuna kusan 9 cikin 10 sun koma ruwa. Shi kuwa Butler ya adana takardun majiyyatansa, ya kuma yi tsawon rai har ya haura shekara 100. A farkon shekarun 1970 wasu masu bincike, Dan Waldorf da abokan aikinsa, suka same shi da ransa da takardunsa, suka buga nazarinsu a 1974. Ba don wannan adana ba, da abin da maƙiyan asibitin suka rubuta shi kaɗai za a sani.

Wanda ya sake buɗe ƙofar shi ne Dokta Vincent Dole na Cibiyar Rockefeller a Niyok, masanin yadda jiki ke sarrafa abinci, wanda da ƙiba ce fannin bincikensa. Ya haɗu da Dokta Marie Nyswander, likitar ƙwaƙwalwa da ta yi aiki a Lexington, ta kuma daɗe tana fama da masu jaraba a unguwar Harlem. Tare da wata matashiyar likita, Mary Jeanne Kreek, suka fara gwaji a 1964 da mutum biyu. Da farko mofin suka ba su, sai mutanen suka zama ba su da aiki sai zaman jiran allura ta gaba. Da aka juya su kan metadon, maganin da masana kimiyyar Jamus suka haɗa a ƙarshen shekarun 1930, sai aka ga canji. Babban ya kama zane-zane, ƙaramin ya fara roƙon a bar shi ya koma makaranta.

Sirrin abin yana cikin daɗewar maganin a jiki. Hirowin takan ɗaga mutum sama ta sake shi cikin sa'a huɗu zuwa shida, saboda haka yininsa duka a neman ta gaba yake ƙarewa. Metadon kuwa sha ake yi, yana shiga a hankali, yana riƙe jiki sa'a 24 ko fiye. In an kai ma'aunin da ya dace, wanda su Dole suka samu tsakanin miligiram 80 da 120 a rana, ba ciwon yankewa, ba ƙishirwar ƙwaya, ba maye, kuma ko mutum ya je ya yi allurar hirowin ba zai ji daɗin da ya saba ji ba. A 1965 suka buga sakamakon mutum 22 a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka. Dole ya ce a ɗauki abin kamar ciwon sukari: ba a cewa mai allurar insulin ya kasa don bai daina ba. Jami'an yaƙi da ƙwaya sun zo sun yi masa barazanar kamu kamar yadda aka yi wa na gabansa, amma a wannan karo lauyoyin Rockefeller na bayansa, ya ce su kai shi kotu, ba su kai ba. A shekarar 1965 ɗin ce kuma Dole da Nyswander suka yi aure, wannan ƙarin bayani ne ga masu son irin wannan labari.

Daga nan abu ya bunƙasa da sauri, watakila da saurin da ya wuce kima. Shugaba Nixon, wanda laifuffuka a birane da labarin sojojin Biyetnam masu shan hirowin suka dame shi, ya naɗa Dokta Jerome Jaffe a 1971 ya ba shi kuɗi mai yawa. Masu karɓar metadon a ƙasar suka tashi daga kimanin 9,000 a 1971 zuwa fiye da 70,000 a 1973. A Niyok wani matashin likita, Robert Newman, shi aka ba aikin buɗe asibitocin birni. Unguwanni suka ƙi ba da wuri, kowa na cewa a yi amma ba a ƙofar gidansa ba. Da ya rasa gini sai ya karɓi wani tsohon jirgin fito mai suna Gold Star Mother, aka ɗaure shi a bakin ruwa, ya zama asibiti.

Akwai abin da Newman ya yi a 1972 wanda ya kamata ma'aikatan lafiyarmu su sani. An yi kisan kai, wata mai shaida ta ce ta taɓa ganin wanda ya yi kisan a ɗakin jira na wani asibitin metadon. Masu gabatar da ƙara suka nemi Newman ya miƙa hotunan dukkan majiyyata baƙar fata maza 'yan shekara 21 zuwa 35 na wannan asibiti. Ya ƙi. Aka yanke masa ɗaurin kwana 30 saboda raina kotu, ya ɗaukaka ƙara, babbar kotun jihar ta ba shi gaskiya a 1973. Hujjarsa ita ce ranar da majiyyata suka ji cewa rajistar asibiti ta zama kundin 'yan sanda, ranar za su watse. In an lura, Butler ya rayu ne da haɗa kai da 'yan sanda har da ɗaukar hoton yatsa, Newman kuwa ya rayu da hana su shiga. Zamani ne ya bambanta, da girman gari. A ƙaramin gari inda shugaban 'yan sanda abokin likita ne, kusancin ya zama garkuwa. A babban birni kuwa sirri ne garkuwar.

Bayan Nixon kuɗi ya fara ja baya, dokoki kuma suka ƙaru. Tun daga ƙa'idojin 1972 da dokar 1974 aka killace metadon a asibitoci na musamman, aka raba shi da sauran aikin likita, majiyyaci ya zo kusan kullum ya sha a gaban ma'aikaci. Akwai dalili, domin metadon ba abin wasa ba ne. Ma'aunin da ke riƙe mai jaraba yana iya kashe wanda bai saba ba, balle yaro, kuma makonnin farko na fara shi su ne masu haɗari in an yi gaggawar ƙarawa. Amma killacewar ta sa asibitocin suka zama saniyar ware, masu sauƙin yankewa in kasafin kuɗi ya yi ƙunci. A garin Bakersfield na jihar Kalifoniya an rufe asibitin garin a 1976. Wasu masu bincike biyu, McGlothlin da Anglin, suka bi sawun mutanen da aka sallama, su kusan 100, suka gwada su da na wani gari maƙwabci inda ba a rufe ba. Fiye da rabin na Bakersfield sun koma jaraba, kamu da ɗauri kuma ya kusa ninka na ɗaya garin. Abin da aka yi tattali a asibiti sai aka biya shi a kotu da gidan yari.

Akwai kuma wata mutuwar da ba ta bukatar rufe ƙofa. Asibiti na nan a buɗe, amma saboda ƙyamar maganin sai a riƙa ba mutane ɗan kaɗan, a riƙa matsa musu su daina, a kori wanda aka samu da ƙwaya a fitsarinsa. Binciken da aka yi a ƙarshen shekarun 1980 ya nuna yawancin majiyyata a Amurka ƙasa da miligiram 60 ake ba su, watau ƙasa da abin da su Dole suka tabbatar yana aiki. Sa'an nan in mutum ya koma allura a ce magani ne bai yi ba. Wannan kamar a ba mai zazzaɓi rabin ƙwaya ne a ce kinin ƙarya ne.

Yanzu sai mu tsallaka teku zuwa Hong Kong, wadda a lokacin take ƙarƙashin Ingila, inda a ganina aka fi kowa iya riƙo. Birni ne da ofiyom ya daɗe a cikinsa, tun da yaƙin ofiyom ne ma ya sa ya faɗa hannun Turawa a 1842. A ƙarshen 1972 aka fara gwajin metadon, sa'an nan gwamnati ta gayyato Newman ɗin nan a tsakiyar shekarun 1970 ya ba ta shawara. Abin da suka gina ba shi da ƙawa ko kaɗan. Ba su jira sun sami ƙwararrun likitoci da gine-gine na musamman ba. Sun yi amfani da ɗakunan asibitocin gwamnati da ke akwai, wasu da yamma bayan an tashi daga aikin rana. Masu miƙa magani 'yan rundunar taimakon lafiya ne, mutanen da ke da wasu sana'o'insu, aka horar da su, likita kuma yana zagayawa. Kuɗin zuwa dalar Hong Kong 1, kuma an bar shi haka shekaru aru-aru. Wanda ya zo yau, yau za a karɓe shi, ba jerin jira. Ana buɗewa kwana bakwai a mako, har ranakun hutu, har ranar da guguwar teku ta sa aka rufe kasuwanni da makarantu akan tanadi inda mutum zai sami maganinsa. Wanda ya ɓace ya dawo ba a kore shi, sai a sake auna shi a ci gaba.

A can ne kuma aka yi ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da suka fi ƙarfi a wannan fanni, wanda Newman da Whitehill suka buga a mujallar Lancet a 1979. Mutum 100 aka daidaita a kan metadon, sa'an nan aka raba su biyu ba tare da su ko masu ba su magani sun san wa ke ina ba. Rabi aka ci gaba da ba su, rabi aka riƙa rage musu miligiram 1 kullum har ya zama ruwa zalla suke sha. Duka ɓangarorin ana ba su shawara da kulawa iri ɗaya. Bayan mako 32, kashi 76 cikin 100 na masu shan magani suna nan, na ɗaya ɓangaren kashi 10 kawai suka rage. Bayan shekara uku, kashi 56 ne da kashi 2.

Masu suka sun ce tsarin Hong Kong ya yi araha da yawa, ba shi da isasshiyar nasiha, ma'auninsa ma bai kai na su Dole ba. Akwai gaskiya a ciki. Amma arahar ce ta sa ba wani gwamna da ya ga ribar yanke shi, kuma da yake a cikin ma'aikatar lafiya yake, da kuɗin gwamnatin wurin, ba ya jiran wani baƙo ya sabunta masa tallafi. Asibitoci kimanin 20 suka wadatar da birnin, dubban mutane na zuwa kullum. Da cutar ƙanjamau ta zo a shekarun 1980 ta yi ɓarna a cikin masu allura a Bankok da Niyok da wasu biranen, a Hong Kong masu ɗauke da ita a cikin majiyyatan metadon ba su kai 1 cikin 100 ba. Tsarin ya tsallake miƙa mulki ga Sin a 1997, har ita Sin ɗin ta buɗe nata asibitoci 8 na gwaji a 2004, daga baya suka haura 700.

Sauran labarin sai in taƙaita. An sami magani na biyu, bufurenofin, wanda ake sa wa a ƙarƙashin harshe, kuma haɗarin tsayar da numfashinsa bai kai na metadon ba. Faransa ta bar kowane likitan unguwa ya rubuta shi tun 1996, cikin shekara huɗu mutuwar da yawan ƙwaya ke jawowa ta ragu da kusan kashi 80 cikin 100. A 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa magungunan biyu cikin jerin magunguna na dole. Wani babban nazari da aka buga a 2017 ya tara sakamakon ƙasashe da dama, ya nuna cewa mutuwa a cikin waɗanda suka bar metadon ta ninka ta waɗanda ke kansa kusan sau uku, kuma makonni huɗun farko bayan bari su ne mafi muni. Dalili shi ne jiki ya sauka daga sabonsa, in mutum ya koma ya sha abin da ya saba sha a da, sai numfashi ya tsaya. Saboda haka yankewar magani na mako biyu, don mota ba ta kawo kaya ba ko don takardar izini ta maƙale a wani ofis, ba ƙaramin abu ba ne. An ga haka a Kirimiya a 2014. Da Rasha, wadda dokarta ta haramta metadon, ta karɓe yankin, aka tsayar da maganin mutum kimanin 800 cikin 'yan makonni, kuma wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙanjamau a yankin, Michel Kazatchkine, ya ba da labarin cewa gommai daga cikinsu sun mutu kafin shekara ta zagayo.

A nahiyarmu tsibirin Morishus ya fara a 2006, ya dakatar da karɓar sababbin majiyyata a 2015 da gwamnati ta canja, sa'an nan ya dawo da shi bayan 'yan shekaru. Tanzaniya ta buɗe nata na farko a asibitin Muhimbili da ke Darussalam a Fabrairun 2011, Kenya ta biyo baya a asibitin Mathari na Nairobi a ƙarshen 2014. Duka biyun da tallafin Amurka na yaƙi da ƙanjamau aka kafa su, kuma da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje a Janairun 2025, ayyuka irin waɗannan a ƙasashe da dama sun shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Wanda ya hau dokin aro, in mai shi ya ce a sauka, ko a tsakiyar kogi ne sai a sauka.

Mu a Nijeriya, binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwaya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ne suka yi amfani da wata ƙwaya a shekarar da ta gabace shi, miliyan 4.6 daga cikinsu dangin ofiyom na kantin magani, galibi tiramadol da kodin. A watan Mayun 2018 gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan rahoton da BBC ta yi wanda ya nuna har da Kano. Hanin ya taɓa kwalba, amma wanda jikinsa ya riga ya kamu yana nan yadda mutanen Amurka suka kasance a 1919, an rufe masa famfo ba a nuna masa rijiya ba. Ba kowane mai shan kodin ne ke bukatar metadon ba, wannan hukuncin likita ne bayan ya duba mutum. Amma duk ɗan uwan da wata rana za a kira shi zaman kwamitin kafa irin wannan asibiti a jiharsa, ina roƙonsa kafin a zaɓi ranar yanke ƙyalle ya tambaya: daga wane layi na kasafin jiha za a sayi maganin shekara ta biyar, wa zai buɗe ƙofa ranar Sallah da ranar yajin aiki, a wane akwati za a kulle rajistar sunaye, kuma an zauna da mai unguwa da DPO tun kafin a kawo kwalbar farko ko ba a zauna ba.